Gasar Ɗan Gurmu

Gasar Ɗan Gurmu, wadda a Faransanci ake kira Prix Dan Gourmou, gasa ce ta kiɗa da waƙar zamani a Jamhuriyar Nijar. An raɗa mata sunan marigayi Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin Hausa na ƙasar Adar. An fara ta a shekarun 1980, ta kuma yi ƙarfi bayan rasuwar Shugaba Seyni Kountché a 1987, lokacin da gwamnati ta sassauta wa makaɗa.

Ƙungiyoyi daga jihohin ƙasar kan kara da juna da jita da ganguna, cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan gida. Amfaninta babba shi ne ta sa makaɗan birni suka koma neman salo a kiɗan gargajiya. John Sofakolé na cikin waɗanda suka yi suna ta dalilinta. Don ƙarfafa wannan yunƙuri, a 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai, da tallafin Turai.

An sha yin gasar a jihar Tawa.