Farin Sama: Hunturu a Idon Kyamara

A ƙarshen shekarar 1930 wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ƙetare Sahara da nufin isa Tafkin Chadi. Kano na cikin wuraren da ya yada zango, kuma hotunan da ya ɗauka na birnin suna ajiye har yau a ɗakin karatu na jami'ar ETH da ke Zurich. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne lokacin zuwan nasa: tsakiyar hunturu ne.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai riƙe da kyamara. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tafki ne, ta baza ta a sararin ƙasar Hausa. Hazo yana shanye inuwa, yana haɗiye duk abin da ke nesa. Tsaya gaban hasumiyar Gobarau da safiyar Janairu: ita kaɗai za ka gani, bayanta fari fat. Masu hoton farko ba su yi maraba da irin wannan fari ba. Gilasan ɗaukar hoto na ƙarni na 19 sun fi jin shuɗin haske, don haka ko babu hazo sama takan fito musu wayam, har wasu kan ɗauki gajimare daban su liƙa.

Abin da aka ɗauka aibi shi ya zama salo daga baya. Baturen Ingila Michael Kenna ya yi suna da hoton itace guda a tsakiyar dusar ƙanƙarar Hokkaido ta Japan. A gida kuwa, J.D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, kusan hoto dubu, yawanci daga ƙeya, babu komai a baya sai bango.

Masu hoton garuruwanmu ba su bi wannan hanya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya biya kuɗi ranar Sallah ba fili yake so ba. Labule mai zanen bene yake so, da furen roba, da agogo a bayyane.

Duk da haka, da wuya a sami ƙasar da ta dace da hoto mai ƙarancin kaya kamar yammacin Katsina. A Batsari da Safana dutse kan tashi shi kaɗai daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ga kuka ta zubar da ganye, ga rumbu a bakin gari, hazo ya share sauran. Sai dai nemi sunan garuruwan nan a intanet: abin da zai fi fito maka shi ne ƙonannun gidaje da matan da suka gudo daga ƙauyukan bakin Dajin Rugu. A Hokkaido, hanya wayam kwanciyar hankali take nufi. A Runka ko Ruma, wanda ya ga hoton hanyar da babu kowa a kanta, tambayar farko da zai yi ita ce: ina mutanen suka tafi?