Jayne Torvill da Christopher Dean: Tsakanin Doka da Gwaninta

A cikin wasannin da Turawa ke yi lokacin sanyi, akwai wanda suke kira rawar ƙanƙara. Mace da namiji ne ke sa takalma masu ruwan ƙarfe a ƙasa kamar na wuƙa, su shiga fili da aka daskarar da ruwa a kansa, a saka musu kiɗa su yi ta sulɓi suna rawa. In tsere ake yi, wanda ya riga kai wa shi ya ci, ba gardama. Amma a nan alƙalai tara ke zaune, kowa da littafin doka a gabansa, su ne za su ce wane ya fi wane. Shi ya sa na ga tarihin waɗannan mutum biyu ya cancanci a duba shi, domin a nawa ganin, duk gasarsu kokawa ce da wannan littafi.

An haifi Jayne Torvill a birnin Nottingham na Ingila a 1957, shi kuwa Christopher Dean a 1958, a wani ƙauyen masu haƙar kwal kusa da birnin. Ba ’ya’yan masu hali ba ne. Ita akawu ce a kamfanin inshora, shi kuma ɗan sanda. Sun haɗu a 1975, suna samun filin gwaji da asuba ko da tsakar dare, bayan an tashi daga aiki. A lokacin kuwa Rashawa ne ke riƙe da wasan. Tun da aka shigar da shi gasar Olimfik a 1976, su suka ɗauki zinare, suka sake ɗauka a 1980 a Amurka, inda Torvill da Dean suka zo na biyar.

To, dokar wancan zamani ta hana ɗan wasan Olimfik karɓar kuɗi don wasansa. Gwamnatin Sobiyet tana ciyar da nata mutane, su kuwa waɗannan biyu sai abin da albashi ya bari. Majalisar birnin Nottingham ce ta ba su tallafi, suka ajiye aiki, suka riƙa tafiya garin Oberstdorf na Jamus suna gwaji ƙarƙashin malamarsu Betty Callaway. Ba a daɗe ba aka ga amfanin kuɗin: suka ci gasar duniya sau huɗu a jere, daga 1981 zuwa 1984.

Abin da suka sauya shi ne tsarin rawar kanta. Da can al’ada ita ce a yanyanko kiɗa uku ko huɗu, mai sauri da mai sanyi, a harhaɗa. Su kuwa sai suka ɗauki jigo guda suka gina labari a kai, kamar yadda suka yi da Mack and Mabel a 1982 da Barnum a 1983. Da gasar Olimfik ta 1984 ta gabato, suka zaɓi Bolero, kiɗan Bafaranshe Maurice Ravel na 1928, wanda amo ɗaya ne yake ta maimaituwa yana ƙara ƙarfi har ya kece.

A nan ne doka ta tsaya musu a gaba. Kiɗan ya kai kusan minti 15, alhali iyakar abin da aka yarda a yi rawa minti 4 ne da daƙiƙa 10. Aka datse, aka datse, ya tsaya a minti 4 da daƙiƙa 28, ya ƙi raguwa. Sai suka lura cewa agogon alƙalai ba ya fara lissafi sai an soma sulɓi a kan takalmi. Saboda haka suka buɗe rawar a durƙushe, gwiwa a kan ƙanƙara, suna karkaɗa jiki har daƙiƙa 18 ta wuce. Wani zai ce wayo ne. Ni dai ina ganin wanda ya karanta doka har ya gano inda ta yi shiru, ya fi wanda ya haddace ta kawai.

Ranar 14 ga Fabrairu 1984, a zauren Zetra na birnin Sarayebo, suka yi rawar cikin tufafi shunayya, labarin masoya biyu da suka hau dutse mai aman wuta suka faɗa ciki tare. Suka ƙare a kwance. Maki mafi girma a lokacin shi ne 6.0, kuma a fannin kyan rawa alƙalai tara duka suka ba su 6.0. A fannin ƙwarewa uku suka ba da 6.0, shida suka ba da 5.9. Mutum wajen miliyan 24 ne suka kalla a talabijin a Birtaniya.

Daga nan suka koma wasan kuɗi, wanda ya rufe musu ƙofar Olimfik shekara goma. Da aka sassauta dokar suka dawo a 1994, ita tana da shekara 36, shi 35. Sai dai littafin ya sake. Hukumar wasan ta gaji da rawar mutuwa da kwance-kwance da kowa ya riƙa kwaikwayo bayan Bolero, ta ce a koma irin rawar zaure ta da. Wato hanyar da su suka buɗe ita aka toshe. Suka bi sabuwar doka, suka ci gasar Turai da ƙyar, suka sake gyara rawar cikin ’yan makonni kafin gasar Lillehammer a Norwe. A ƙarshen rawar Dean ya wuntsila Torvill ta saman kafaɗarsa, wasu alƙalai suka ce ɗagawar ta saɓa wa doka. ’Yan kallo suka yi ta ihu, amma tagulla suka samu. Zinare ya tafi ga Oksana Grishuk da Evgeny Platov na Rasha, waɗanda su ma aka yi ta zancen cewa sun rabu da juna a fili fiye da yadda doka ta yarda. A nan kam ina tare da ’yan kallo.

A daidai wannan lokaci Sarayebo tana cikin ƙawanyar yaƙi. An ragargaza zauren Zetra a 1992, filayen da ke kusa da shi sun zama maƙabarta. Shi ma makin 6.0 an soke shi a 2004, bayan rigimar alƙalanci da ta ɓarke a gasar Olimfik ta 2002, aka kawo lissafin da ke ba kowane motsi nasa maki dabam.