Mata da Aikin Ceto: Daga Tantin Rufaida Zuwa Dajin Birnin Gwari



An keɓe dajin Kamuku da ke ƙasarmu ta Birnin Gwari a 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, amma gobarar daji ta girmi dokokin duka. Tun kaka da kakanni, idan wutar mafarauta ta ƙwace da hunturu, maza ke bugunta da ɗanyen ganye. Matan Tabanni kuwa su ke jido ruwa, su janye yara, su kwashe hatsi, su yi jinyar wanda ya ƙone. Babu mai kiransu 'yan agaji.

Mai ganin wannan aiki bai dace da mace ba, ina tunatar da shi yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Rufaida al-Aslamiyya (RA) tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu (RA), Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce a kwantar da shi can.

Shi ya sa a ajina na matan aure nake koyar da sanyaya ƙuna da ruwa mai tsabta, maimakon manja da ɗanyen ƙwai da muka gada.