Agwagi Uku a Bango

A shekarar 2022 gidan rediyon da nake aiki a Maraɗi ya tura ni Landan horo na mako shida. Guzurin da aka ba ni bai isa otal ba, sai aka sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa a gabashin birnin, wadda ta haura shekara tamanin. Ta yi aikin ɗinki a masana'anta fiye da shekara talatin, marigayi mijinta kuma ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Ranar da na sauka ta shigar da ni falonta in sha shayi, na zauna ina ta rarraba ido.

Kafet ɗin mai zanen murɗe-murɗe ne, ruwan ƙasa da ruwan lemo. Takardar adon bango fure ne manya-manya, labule ma fure, amma wani iri daban. A kan kantar da ke saman murhu ga karnukan tangaran biyu suna kallon juna, ga agogo a tsakaninsu, ga ɗan jakin kaba sanye da malafa. Murhun kansa na lantarki ne, an yi masa garwashin roba mai jan haske. Sama da doguwar kujera akwai hoton wata mace mai koriyar fuska, a ɗaya bangon kuma agwagin tangaran uku, babba da matsakaici da ƙarami, sun jeru kamar za su tashi su fice ta rufi.

Da dare na ɗauki hoton falon a waya na aika wa abokan aikina, na rubuta a ƙasa cewa ashe Turawa ma suna da ƙauyawa. Aka yi ta dariya. Wannan dariyar ce nake son in biya bashinta a rubutun nan.

Irin waɗannan kaya Turawan Ingila suna kiran su da wata kalma da suka aro daga Jamusanci, wato kitsch. Idan za mu faɗa da Hausa sai mu ce kayan ƙyale-ƙyale masu araha, waɗanda masu ganin kansu wayayyu suke yi wa kallon ƙauyanci. Amma kafin mutum ya yanke musu hukunci, ya kamata ya san inda suka fito.

A ƙarni na 19, lokacin da masaƙu da ma'adinan kwal suka cika garuruwan Ingila da leburori, an gina musu gidaje jere-jere manne da juna, yawanci ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama. Iyalin da suka yi sa'ar samun irin wannan gida sukan cunkushe a ɗakin baya, nan girki, nan ci, nan wanka a baho gaban wuta. Ɗakin gaba kuwa a rufe yake. Ba a buɗe shi sai ran Lahadi, ko idan limamin coci ya zo, ko saurayi ya zo zance, ko kuma an yi rasuwa a shimfiɗe gawa a ciki kafin jana'iza. Duk abin da gidan ya mallaka mai kyan gani a nan ake ajiye shi, inda mai wucewa zai hango ta taga. Mutuncin gida ne aka tara a ɗaki guda.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya rushe gidaje masu yawa, katako ya yi wuya. A 1942 gwamnati ta ƙayyade irin kayan ɗakin da za a ƙera: marasa ado, fasali kaɗan, kuma da farko sai sababbin ma'aurata da waɗanda bam ya rusa wa gida ake ba izinin saye. Tsarin ya kai har 1952. Abinci ma da kati ake sayensa, ba a daina ba sai a watan Yulin 1954, da aka saki nama. Uwar masaukina tana yarinya a lokacin. Ta ce mini abin da ta fi tunawa shi ne komai launin toka ne ko ruwan ƙasa, daga riga har bango.

Daga nan sai abubuwa suka sake. A 1953 kaɗai an gina gidaje fiye da dubu 300, mafi yawansu na ƙananan hukumomi da ake ba talakawa haya mai sauƙi. Aiki ya wadata, albashi ya ɗaga. A 1957 Firayim Minista Harold Macmillan ya tsaya a garin Bedford ya ce yawancin mutanen ƙasar ba su taɓa jin daɗi kamar na lokacin ba. A 1958 aka sassauta dokar sayen kaya bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan duk mako. Matar da uwarta ta rayu da tebur ɗaya da kujerun katako huɗu, sai ga ta da kujerun kushin saiti guda, da talabijin, da akwatin katako mai haɗe da rediyo da garmaho. Wanda ya shekara goma sha yana kallon launin toka, in ya samu hali ai ba farin bango zai nema ba.

Kowane abu a falon nan yana da tarihinsa. Agwagin bango kamfanin tangaran na Beswick ne ya fi shahara da su, a yankin Stoke-on-Trent, tun ƙarshen shekarun 1930, wasu kamfanoni kuma suka yi ta kwaikwayo. Abin da ya ƙara musu suna shi ne wasan kwaikwayon talabijin na Coronation Street, wanda aka fara nunawa a watan Disamban 1960 kuma har yau bai tsaya ba. A ciki akwai wata mai aikin shara da goge-goge, Hilda Ogden, wadda Jean Alexander ta fito a matsayinta. Agwagi uku ne a bangonta, na tsakiyar kullum a karkace kamar zai faɗo. An sa su ne don a yi dariya, amma ranar Kirsimetin 1987 da Hilda ta yi ban kwana da shirin, mutane fiye da miliyan 26 ne suka kalla.

Mace mai koriyar fuska kuwa zanen Vladimir Tretchikoff ne, mutumin da aka haifa a daular Rasha a 1913, ya zauna a Afirka ta Kudu. Ya zana ta a birnin Cape Town a farkon shekarun 1950, yarinya ce ƴar asalin Sin da ke aiki a shagon wanki da guga na danginta. Masana zane sun raina shi matuƙa. Shi kuwa sai ya buga hoton da yawan gaske, aka riƙa sayar da shi da araha a manyan kantuna, har ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi saye a ƙarnin da ya wuce. Akwai kuma hoton yaro mai hawaye, na wani mai zane ɗan Italiya da ke sa hannu da sunan Giovanni Bragolin. A 1985 jaridar The Sun ta yaɗa cewa gidan da aka rataye shi yakan yi gobara, hoton kuma ya fita lafiya. Mutane suka tsorata suka yi ta aika wa jaridar nasu, ta tara ta cinna musu wuta. Camfi dai ba namu ba ne mu kaɗai.

Fitilar nan mai narkakken kaki yana hawa yana sauka a cikin kwalba, Edward Craven Walker ne ya fito da ita a 1963. Jakin kaba kuma tsaraba ce daga gaɓar tekun Sifen, daga lokacin da kuɗin jirgi da masauki a dunƙule suka sauko har lebura ya iya kai matarsa hutu ƙasar waje. Na uwar masaukina na tafiyarsu ta farko ne. Ta ce kafin nan ba wanda ya taɓa hawa jirgin sama a danginsu in ba soja ba. Karnukan tangaran na kakarta ne. Agwagin kuwa da albashinta na farko ta saye su, ta kai wa uwarta, bayan rasuwar uwar suka dawo hannunta. Duk wannan ta faɗa mini ne wata ranar Asabar tana goge su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na tambaye ta ba. Ina jin ta lura da irin kallon da nake yi musu.

Rainin da ake yi wa kayan nan ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1944 gwamnati ta kafa wata majalisa ta kyautata fasalin kayan masana'antu, wadda ta ɗauki koya wa jama'a “kyakkyawan zaɓi” a matsayin aikinta: layi miƙaƙƙe, ado kaɗan. A 1964 Terence Conran ya buɗe kantin Habitat a Landan don matasa masu ilimin boko. IKEA ta shigo ƙasar a 1987, a 1996 kuma ta yi wata talla tana kiran mata su watsar da labule da kujeru masu fure. Ƴaƴan leburorin da suka shiga jami'a su ne suka fara jin kunyar falon iyayensu. Abin da ake kira ɗanɗano ashe sau da yawa hanya ce ta nuna wa mutum ajinsa.

Sai ga shi reshe ya juye da mujiya. A watan Maris na 2013 an yi gwanjon ainihin zanen mai koriyar fuska a Landan, aka saye shi fam 982,050, mai sayen kuma attajirin dillalin lu'ulu'u ne, Laurence Graff. Agwagin da aka zubar a shara yanzu ana neman su a kasuwannin tsofaffin kaya. Gidan tarihi na Museum of the Home, da ke kan titin Kingsland, ya shirya ɗakuna na zamani daban-daban don masu ziyara. Na je na ga falon shekarun 1970 na iyalin da suka yi ƙaura daga tsibiran Karebiyan, wanda marubuci Michael McMillan ya tsara, bayan wani nuni da ya yi a wurin a 2005. Ga furen roba, ga saƙar kwarashi a kan kowane tebur, ga kabad ɗin gilashi cike da kofunan da ba a sha da su. Baƙaƙen fatan nan an hana su haya a wurare da yawa, an ƙi su a gidajen shaƙatawa, sai falo ya zama wurin taronsu da bikinsu. Da yawansu da kuɗin adashi suka sayi gidajen da kayan.

To me mutanen Ingila suke kewa? Ban yarda agwagin ba ne. A ƙarshen shekarun 1970 kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan ƙasar a gidajen ƙaramar hukuma suke zaune. Dokar 1980 ta ba masu haya damar saye, ba a gina madadin da ya kai ba. Yajin aikin mahaƙa kwal na 1984 zuwa 1985 ya ƙare da faɗuwarsu, ramukan suka yi ta rufewa. Masana'antar Beswick ta rufe a 2002, kantunan Woolworths da talaka ke sayen irin wannan ado suka bi baya a farkon 2009. Matashin da ke haya yau, wanda mai gida ba ya barinsa ya buga ƙusa a bango, in ya ga agwagi uku, abin da yake gani shi ne zamanin da ɗan dako yake da tabbacin zai mutu a gidan da ya yi wa ado.

Sai dai kewa takan rufe ido ga wasu abubuwa. Gidajen suna da sanyi da danshi, wasu bayan gidansu a waje yake har cikin shekarun 1970. Mai karɓar bashi yana ƙwanƙwasa ƙofa duk mako. Ƙurar da ke kan kowane karen tangaran kuma mace ce ke goge ta bayan ta taso daga aiki.

Ni kuwa abin da ya hana ni barci a ɗakin nan na Landan wani ne daban. Shekarar da na fara ɗaukar albashi na je gida na ce wa Inna jeren da ke ɗakinta ya tsufa. Kwalla da fanteka da langa-langa masu fure, jere kan jere har kusa da rufi. Na ce yanzu ba a yayinsu, na kawo mata teburin talabijin da labule mai launi ɗaya, aka kira masu sayen tsofaffin kwanoni suka kwashe. Inna ba ta ce komai ba sai “Allah ya yi miki albarka”.

Daga Landan na kira ta na tambaye ta yadda aka yi jeren. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ke kuma yau me ya tuno miki?” Daga nan ta fara lissafi. Kakata ta soma tara su tun Inna tana ƴar shekara bakwai, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kwano ɗaya in an kwashi adashi. Wasu daga Kano aka kawo su. Akwai saitin da ba a cika shi ba sai ana saura kwana uku ɗaurin aure, da kakata ta sayar da akuyarta. Mun fi rabin sa'a a waya, katina ya ƙare tana kan na goma sha wani abu.

Na goge hoton nan daga wayata, ko da yake na san yana nan a wayoyin waɗanda na aika wa. Ranar da zan taho, tsohuwar ta tambaye ni ko a ƙasarmu ma ana rataye agwagi. Na ce a'a, mu kwano muke jerawa. Ta ce in ɗauko mata hoto in na koma.

Da na dawo Maraɗi na tarar langa ɗaya ce ta rage, wadda Inna ta ɓoye a ƙarƙashin gado tana ajiye zare da allura. Ita na ɗauka na aika mata.