Daga Kaset Zuwa Kiran WhatsApp: Yadda Murya Ke Tsallaka Kwangwalam



Kwanan baya na karanta wani gajeren labari da aka gina a Daura ta shekarar 2004, sai ga jarumar tana kiran mijinta da ke Damagaram ta WhatsApp. Nan take labarin ya fita raina, domin sai a 2009 aka ƙirƙiro manhajar, kiran murya kuwa sai 2015 aka saka mata.

Kafin wannan, wanda ke da ɗan uwa a Matamaye ko Magarya ko Makka, ko dai ya rubuta wasiƙa ko ya naɗi muryarsa a kaset ya ba direba ko maniyyaci. Wayar NITEL, wadda aka kafa a 1985, ta ofisoshi ce da gidajen masu hali. Da Econet da MTN suka fara aiki a Agustan 2001 abin ya yi sauƙi, amma fa kiran Damagaram kiran ƙasar waje ne, duk da cewa daga Daura zuwa iyakar Kwangwalam tafiyar 'yan mintuna ce. Shi ya sa aka ƙware a filashin.

Tsohon tsarin waya yakan keɓe wa mutum biyu hanya guda har su gama magana, ana cajinsu gwargwadon lokaci da nisa. Kira ta intanet ba haka yake ba. Wayarka tana mayar da muryarka lambobi, ta matse su, ta yanka su ƙananan ƙunshi, kowane ɗauke da sautin da yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ba, da adireshin inda za shi. Ƙunshin suna bin hanyar da hotuna da saƙonni ke bi, wayar wancan ɓangaren ta jera su ta mayar da su murya. Wanda ya makara sai a watsar da shi. Wannan ne sirrin "ina jin ki sama-sama" da muke ta faɗa: wasu guntayen maganar sun ɓace a hanya. Kuma tunda data ake biya, ba ruwan kira da iyaka.

Tun a shekarun 1970 aka gwada hakan a Amurka kan ARPANET. Kamfanin VocalTec ya fitar da manhajarsa a 1995, Skype ta biyo baya a 2003, aka rufe ta a Mayun 2025.

Sai dai komai ya dogara ne kan turakun sadarwa. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Jibiya da Batsari da Funtuwa, Daura ba ta ciki. Amma Badaurin da 'yarsa ke aure a Batsari, datar da ke wayarsa ba ta amfane shi da komai ba. Sai da aka koma ba direba saƙo.