Agola da matar uba a finafinan talabijin na Amurka

Duk wanda ya saba kallon finafinan soyayya na gidajen talabijin ɗin Amurka, musamman a lokacin Kirsimeti, ya san wani labari da ba ya tsufa. Magidanci ne matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya, sai ya haɗu da bazawara ita ma da nata, yara su yi ta tsiwa da ƙyashi, amma kafin awa biyu ta cika kowa ya rungumi kowa. Wannan salo ya haura shekara hamsin ana yin sa, kuma tarihinsa ya nuna cewa masu shirya finafinan sun sauƙaƙa haɗa gida biyu ne ta hanyar kawar da wanda ya fi sa lamarin wuya, wato tsohon miji ko tsohuwar mata da ke raye.

Tushen abin yana ƙarshen shekarun 1960. A 1968 aka fitar da fim ɗin sinima mai suna Yours, Mine and Ours, wanda Lucille Ball da Henry Fonda suka fito a ciki. An gina shi a kan labarin gaske na wata mata mai 'ya'ya 8 da ta auri sojan ruwa mai 'ya'ya 10 a jihar Kalifoniya, kuma dukansu rasuwa ce ta raba su da abokan zamansu na farko. Fim ɗin ya yi kasuwa, nan take masu talabijin suka gane akwai riba a irin wannan gida. A watan Satumba na 1969 tashar ABC ta fara nuna The Brady Bunch, inda Mike mai 'ya'ya maza uku ya auri Carol mai 'ya'ya mata uku. Sherwood Schwartz, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya so a nuna Carol a matsayin wadda aurenta ya mutu, amma tashar ta ƙi. Sai aka bar zancen a rufe: har shirin ya ƙare a 1974 ba a taɓa faɗin inda uban 'yan matan nan ya shiga ba.

Akwai wani wuri a kashi na farko na shirin da ya nuna abin da aka ƙi bi. Ranar ɗaurin aure, ƙaramin ɗan Mike, Bobby, ya ɗauke hoton mahaifiyarsa marigayiya ya ɓoye, don kada ran amarya ya ɓaci. Uban ya lura, ya lallashe shi cewa ba wanda ya ce ya manta da uwarsa, aka mayar da hoton. Nan gaskiyar zuciyar yaro take: tsoron cewa son sabuwar uwa cin amanar tsohuwa ne. Amma daga wannan rana da wuya aka sake ambaton marigayiyar. 'Yan matan suka ɗauki sunan Brady, yara shida suka koma rigimar banɗaki da wayar tarho kamar 'yan ciki ɗaya.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin ne sakin aure ke ƙaruwa a ƙasar. A 1969 Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar Kalifoniya da ta ba da damar raba aure ba sai an kama wani da laifi ba, sauran jihohi suka bi sahu, kuma tsakanin 1960 da 1980 yawan saki ya ninka fiye da sau biyu. Mafi yawan gidajen da ake haɗawa sun zama na saki ne, inda yaro ke kwana nan yau, gobe can, ga kuɗin ciyarwa da kotu ta yanke, ga kakanni ɓangare huɗu. A 1978 masanin zamantakewa Andrew Cherlin ya bayyana cewa auren bayan saki ya fi rauni domin al'umma ba ta tanadi ƙa'idojin zamansa ba: ba a san iyakar ikon mijin uwa ba, ba a ma daidaita kan sunan da yaro zai kira shi ba. Duk da haka finafinan soyayya suka ci gaba da fakewa da mutuwa. A Sarah, Plain and Tall na 1991, wani manomi a Kansas da matarsa ta rasu wurin haihuwa ya nemi mata ta tallar jarida. A Love Comes Softly, wanda tashar Hallmark ta nuna a 2003, miji da matar duka rasuwa ce ta haɗa su. Mamaci ba ya zuwa ɗaukar yara ranar Asabar, ba ya musu kan tarbiyya, don haka labari ya tafi sumul.

Za a iya cewa ai nishaɗi ne, mai kallo hutu yake nema, ba darasi ba. Za a kuma iya cewa finafinan nan sun yi alheri, domin kafin su hoton matar uba a tatsuniyoyin Turai irin su Cinderella na muguwa ne, kamar yadda namu tatsuniyoyin ke nuna kishiyar uwa tana gallaza wa marainiya. Wannan magana ta biyu gaskiya ce, kuma sun cancanci yabo a kanta: sun nuna wa miliyoyin mutane cewa mace na iya riƙon ɗan wata da amana. Sai dai nishaɗin da aka maimaita shekara hamsin yakan zama ma'auni. Masu nazarin iyali irin su Patricia Papernow sun gano cewa gidan da aka haɗa yakan ɗauki shekaru, sau da yawa huɗu zuwa bakwai, kafin ya daidaita. Matar da ta saba ganin yara sun sakko cikin mako guda, in ɗan mijin nata ya shekara bai sake da ita ba, za ta ɗauka ita ce ta gaza, ko yaron ne mugu. Alhali zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma saɓanin yana cikin hanyar sabo. Har finafinan da suka taɓo tsohuwar mata mai rai, kamar Stepmom na 1998, sai da suka ɗora mata ciwon daji kafin sulhu ya tabbata.

Mu da muka san zaman agola da 'yan ubanci a gidajenmu, bai kamata mu karɓi wannan hoto a matsayin yadda abin yake ba, kuma bai kamata masu rubuta mana finafinai su kwaikwaye shi ba. Labarin haɗa gida biyu yana farawa ne bayan an ɗaura aure, a gaban uwa ko uban da ke raye kuma yana da haƙƙi a kan ɗansa. A nuna mana wannan zama da haƙurin da yake ci, domin shi ne abin da iyaye da yara ke fama da shi kullum.