Gudu, Ƙarfi da Daraja a Tarihin Motocin Tsere

Abubuwa uku ne masana kan duba idan za su kwatanta motocin tsere, wato gudu, da ƙarfin inji, da kuma kuɗin da masu tara tsofaffin motoci kan biya. Tarihi ya nuna cewa na ukun bai cika bin sawun biyun farko ba.

A tseren sa'o'i 24 na Le Mans a ƙasar Faransa, wanda aka fara a 1923, kamfanin Ferrari na Italiya ya yi nasara shekara shida a jere, daga 1960 zuwa 1965. A 1963 kamfanin Ford na Amurka ya nemi saye shi, amma Enzo Ferrari ya fasa cinikin da ya gane iko da sashen tsere zai fita daga hannunsa. Sai Ford ya ƙera motar GT40. Da aka sa mata inji mai lita 7, ta zo na ɗaya da na biyu da na uku a 1966, kuma Ford bai saki kambin ba har 1969. A fagen tsere dai ƙarfi ya yi halinsa.

A kasuwar gwanjo kuwa ma'aunin dabam ne. Ferrari 250 GTO injinta lita 3 ne kawai, mai ƙarfin doki wajen 300, kuma guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. Duk da haka a 2018 an sayar da ɗaya a Monterey a kan dala miliyan 48.4. McLaren F1, wadda ta yi gudun kilomita 386 a sa'a guda a 1998, an ƙera ta guda 106, kuma a 2021 ɗaya ta haura dala miliyan 20 da kaɗan. Bugatti Veyron ta 2005 ta fi su duka, da ƙarfin doki 1001 da gudun kilomita 407, amma an ƙera guda 450, kuma farashinta bai kusanci nasu ba.

Mercedes 300 SLR Uhlenhaut ita ce ta fi fito da lamarin fili. Guda biyu tak aka yi a 1955, kuma ba ta taɓa shiga tsere ba, domin a ƙarshen shekarar kamfanin ya janye daga tsere, bayan haɗarin Le Mans wanda ya kashe fiye da mutum 80. A 2022 an sayi ɗayarsu a kan Yuro miliyan 135.

Dalili shi ne, gudu da ƙarfi injiniyoyi na ƙara su kullum, motar bana ta wuce ta bara. Adadin motar da aka daina ƙerawa kuwa ba ya ƙaruwa, haka nan tarihinta. Shi ya sa mai saye kan fara bincikar lambar jikin motar, da takardun waɗanda suka mallake ta, da jerin tseren da ta shiga, kafin ya nemi jin kukan injinta.